Na Sauka Banyo Baƙo, Asuba Ta Mai da Ni Ɗan Gida

Wallahi ban taɓa zaton haka zan tarar da Banyo ba! Kwana biyu cur ina hanya. Daga Yola na tsallaka Garwa, daga Garwa mota ta yi ta hawa da mu har Ngaundere, daga nan sai jar ƙasa da ramuka ta hanyar Tibati, ƙura ta rine mu har gira. Na sauka da daddare jiki ya yi tsami, ga shi Faransanci ba na jin ko "zo in kashe ka", Fillancina kuwa daga "jam" ya tsaya. Na kwanta ina cewa gobe zan sha baƙunta.

Sai asuba. Sanyin tsauni ya ratsa bargo, ladan ya kira, na bi bayan wasu masu tocila har masallacin unguwa. Liman ya kabbarta, na saci kallo: hannuwa a sake, sadalu, daga wannan bango har wancan. Ya kama karatu, sai ga Warshu, irin wanda kakana ya rasu yana yi. A raka'a ta biyu ya yi shiru kafin ruku'u, na san ƙunutu yake a ɓoye. Ya yi sallama ɗaya. Tsigar jikina ta tashi! Ban gama addu'a ba wasu suka zagaye, can cikin wazifa aka shimfiɗa farin ƙyalle, sai na rasa a Kamaru nake ko a Ƙoƙi cikin birnin Kano.

Ina neman takalmina wani dattijo ya dube ni ya ce, "Samari, daga ina?" Da Hausa! Hausa mai ɗan gishirin Fillanci, amma Hausa.

"Daga Kano, Baba."

"To, ai ka zo gida. Kakana ma fataucin goro ya kawo shi."

Shi ya ja ni yawo ranar, ni kuwa ina biye da shi baki buɗe.

Mun fara da makarantar allo, su suna cewa janngirde, allon kuma alluha. Na karɓi na wani yaro na duba. Rubutun nan ne dai namu, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, tawadar ma ƙamshinta ɗaya. Yaron ya gama biya karatunsa, ya jingine allo, ya saɓa jaka ya ruga lekkol, wato boko, inda za a yi masa lissafi da Faransanci. Harshe uku kafin hantsi, kuma ko a jikinsa.

Amma inda na daskare shi ne zauren wani modibbo. Magidanta zaune a kan buzu da tabarma, kowa da littafinsa mai jar takarda, wannan Ahalari, wancan Ishmawi, na kusa da malam Risala. Ɗalibi ya ja Larabci gaɓa ɗaya, malam ya fassara da Fillanci, ɗalibi ya ce "na'am", a ci gaba. Ban ji kalma ko ɗaya ta fassarar ba, amma na san babin, na san inda za a tsaya, har na san inda malam zai yi ɗan murmushi ya kawo misali. Ku duba fa: littafin da Ibn Abi Zaid ya rubuta a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya fiye da shekara dubu da suka wuce, ga shi ana tsinka shi a gindin tsaunin Adamawa da harshen makiyaya, kamar yadda ake tsinka shi da Hausa a Zariya.

Daga nan muka gangara ƙofar fadar Lamiɗo. Dattijon yana nuna mini masu rawuna yana kiran sarautunsu: Galdima, Kaigama, Wajiri, Sarki Sanu. Na ce, "Baba, ai waɗannan namu ne da na Barebari!" Ya yi dariya ya ce tuta ɗaya ta kawo su. Gaskiyarsa. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa daular Fombina, daga baya ya zauna Yola a 1841. Fulanin da suka ci wannan yanki daga Konca suka taso, ƙarƙashin Haman Gabdo, Banyo ta zama ɗaya daga cikin manyan lamidodin kudu. Ba zan shafa wa labarin mai ba: ƙasar da masu ita, Vute da Mambila da Kwanja, kuma mahayan Fulanin nan sun kwashi bayi ba kaɗan ba. Yau jikokin wanda ya kama da na wanda aka kama kafaɗa da kafaɗa suke a sahu, amma wanda duk ya zauna ya saurara zai ji ba a manta ba.

Labarin da ya fi kama ni kuwa na kudu ne. Wajen ƙarshen ƙarni na 19, Sarki Njoya na Bamun, can Fumban, tawaye ya taso masa a cikin gida, sai ya aiko neman gudummawar Lamiɗo Umaru na Banyo. Mahaya suka sauka, aka murƙushe tawayen. Njoya ya ga mutanen da ke tsayawa salla kafin su hau doki, ya ce shi ma yana son wannan abu. Ta nan Musulunci ya shiga fadar Fumban, Hausawa 'yan goro da malamansu suka bi baya suka zaunar da shi. Sau nawa na ji sunan Njoya a kan rubutun da ya ƙirƙira, ban taɓa sanin Banyo ce ƙofar ba!

Muka tsaya cin tsire. Nan "soya" suke ce masa, kalmarmu ce ta yi ƙaura ta canza sana'a. Na biya da sefa, mai naman ya ƙara mini gyara don na ce daga Kano nake.

Da rana ta karya, dattijon ya haɗa ni da jikansa muka hau dutsen Jumbal da ke tsaye a kan garin. Hawa ne mai cire rai, na zauna ya fi sau biyar. A sama akwai kufan ginin Jamusawa. Su suka shigo Banyo a 1902, a karon da Lamiɗo Umaru da hafsan Jamusawa Nolte duk suka rasa rai. Kan dutsen nan kuma suka ja daga a Nuwamban 1915, sojojin Ingila da suka fito daga Najeriya suka yi kwanaki suna hawa kafin su ƙwace shi. Yanzu ciyawa ce da ƙadangaru.

Muna tsaye sai kiran la'asar ya taso daga ƙasa, masallaci ɗaya, sai na biyu, sai garin duka ya ɗauka, iska tana kawo shi guntu-guntu. Na girgiza gorarmu, ko ɗigo babu. Yaron bai ce komai ba. Ya durƙusa ya buga tafukansa a kan wani faffaɗan dutse cikin kufan nan na Jamusawa, ya shafi fuska, ya sake bugawa ya shafi hannuwa har gwiwar hannu. Sannan ya duba rana, ya nuna mini gabas, ya ja da baya ya ce, "Kawu, bismilla, kai ne babba."