Awon Sukari Bayan Cin Abinci

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka in yi magana da 'yan'uwana malamai da akawuna bisa ga wani al'amari da na ga yana rikita mutane.

'Yar na'urar nan ta awon sukarin jini yanzu ta shiga hannun jama'a. Sai ka ga mutum ya tashi daga kan tuwon shinkafa, ya kora da fura, ya soki yatsa, ya ga 170, nan take ya yanke wa kansa hukuncin ciwon sukari, har ya kasa barci. To, jama'a, a sani duk mai lafiya in ya ci abinci lalle sukarinsa ya hau, sa'an nan insulin da jiki ke yi ya sauko da shi. Abin dubawa shi ne ko ya sauka a kan lokaci. Don haka a kan jira awa 2, a ƙidaya kuwa daga lomar farko. Kuma a wanke hannu tukuna, gama zaƙin dabino ko mangwaro da ya maƙale a yatsa yana ɗaga lambar. Ko da hannu tsab, na'urar gida ta kan kuskure da kamar kashi 15 cikin 100.

Hukunci na asibiti ne. Can a kan auna mutum bayan ya yi awa 8 bai ci kome ba; in an sami 126 ko fiye, alama ce ta ciwon. Ko kuwa a ba shi giram 75 na gulukos a ruwa ya sha, a auna bayan awa 2. Ƙasa da 140 lafiya ke nan, 200 ko fiye ciwo ne, abin da ke tsakani kuwa gargaɗi ne, kuma a nan ne rage ƙiba da yawan tafiya a ƙasa su kan yi amfani ƙwarai. In babu alamu bayyanannu, likita ya kan sake awon kafin ya faɗi magana. Waɗansu takardu da milimol su ke rubutu, watau a raba lambar da 18, sai 126 ta zama 7.0. Kada wanda ya ga 7 ya ce ya tsira.

Akwai kuma awon HbA1c, mai nuna halin sukari na kamar wata 3, iyakarsa 6.5 cikin 100. Amma mai sikila ya gaya wa likita tun da wuri, domin awon nan yana iya ɓata a jininsa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai cewa tururuwa ba ta taru a fitsarinsa ba, saboda haka lafiyarsa lau. Sukari ba ya fita a fitsari sai ya kai wajen 180 a jini, kuma ciwon ya kan shekara da shekaru yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, mai shi bai sani ba. Wanda ke da shi a dangi, ko ƙishirwa da fitsarin dare da rama suka dame shi, ya tafi asibiti da sassafe kafin ya karya kumallo.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta