Daga Tafkin Geriyo Zuwa Ƙanƙara Mai Cin Wuta

Baƙon da ya sauka Jimeta a watan Afrilu, zafi ne zai fara yi masa maraba, don sau da yawa yakan wuce digiri 40. Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, tana kudu kaɗan da fadar Lamiɗo. Jimeta kuwa ita ce ta bakin kogin Binuwai, mai kasuwa da ofisoshi.

A gefen Jimeta tafkin Geriyo yake, inda masunta da manoman rani ke neman abinci. In masunci ya caka gora cikin laka, sai a ga kumfa ta taso. Wannan iskar meten ce, wadda ruɓaɓɓen ganye ke haifarwa, kuma tana kama wuta. A nan zafi ba ya barin ta zama, sai ta bi iska.

To, amma a bi ruwan Binuwai ya wuce Numan da Makurɗi, ya haɗu da Kwara a Lakwaja, ya faɗa teku. Can gaba da gaɓa, a zurfin mita 500 ko fiye, akwai sanyi da nauyin ruwa mai tsanani. A nan ruwa yakan daskare ya yi 'yan ɗakuna kamar keji, kowane ɗaki ya kulle ƙwayar iskar a ciki, ba tare da sun zama abu ɗaya ba. Irin wannan haɗi shi ne masani H. M. Powell na Jami'ar Oxford ya raɗa wa suna kilatiret a 1948. Masu bincike sun same shi a ƙarƙashin tekun Nijeriya, daura da bakin Kwara.

Abin fari ne kamar ƙanƙarar da ake sayarwa a kasuwar Jimeta lokacin zafi, amma in an ƙyasta masa ashana sai ya kama da wuta. Kwano ɗaya nasa yana riƙe da iskar da za ta cika kwano wajen 160.

Japan ta gwada haƙo shi daga teku a 2013, sai dai har yau aikin bai wuce gwaji ba. Akwai kuwa dalilin hattara: in kejin ya narke, iskar da ta kuɓuta ta fi hayaƙin mota riƙe zafi a sararin sama nesa ba kusa ba. Kafin a warware wannan, gidaje da yawa a Yola da Jimeta da itace da gawayi suke ɗora tukunya, dazuzzukan Adamawa kuwa sai raguwa suke yi.