Hawan Tsani Da Ma'anar Tawakkali

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, mu a nan Riruwai ta ƙasar Doguwa, da yake muna tsakiyar duwatsu, ruwan sama yakan riga Birnin Kano sauka gare mu. Saboda haka da bazara ta kama sai kowane magidanci ya tashi gyaran gida: a yi yaɓe, a fitar da shara daga indararo, a toshe kwanon da ke yoyo, mata kuma su fito da kayan ɗaki su kaɗe ƙura da yana. Wannan aiki ne mai kyau, domin tsabta tana daga cikin abin da addini ya yi horo da shi. Amma a cikinsa akwai haɗarin da ba mu cika kula da shi ba.

Bazarar bara na jingina tsani a jikin soron zaurena, a kan simintin da aka wanke bai bushe ba, ba kuwa wanda ya riƙe mini. Uwargida ta ce, "Malam, ka jira yara su dawo daga makaranta mana." Na ce mata na dogara ga Allah. Ban kai mataki na biyar ba sai tsanin ya zame, na faɗo, na karye a ƙafa. Tafiyar neman magani kuwa, daga nan a ratsa Dajin Falgore, a wuce Tudun Wada har Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ya yi ta da karaya shi ya san nisanta. Wata biyu ina salla a zaune, ina shafa a kan ɗauri maimakon wanke ƙafa, karatun almajirai ya tsaya.

Masu zuwa dubiya kowa sai ya ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. To amma da na koma ga littattafai ina kwance, sai kunya ta kama ni. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sa'an nan ya yi tawakkali. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun kawo hani game da kwana a kan soron da ba shi da katangar da za ta tare mutum. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mu jefa kawunanmu cikin halaka. Ashe abin da na kira tawakkali ranar nan, sunansa na gaskiya ganganci.

Kada a ɗauki faɗuwa ƙaramin abu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara ta sanadin faɗuwa, waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki.

Don haka ga nasihata. Kada a hau tsani sai an duba matakansa, an kafa shi a busasshiyar ƙasa, wani kuma ya riƙe gindinsa. A cire babbar riga da silifa kafin hawa. Kada a hau azarar da gara ta ci, ko kwanon da ya yi tsatsa. Mata su daina taka turmi ko kujera don share yana, a ɗaura tsintsiya a kan doguwar gora. A kankare gansakukar makewayi da ta bakin rijiya, a kwashe kayan da aka baza a tsakar gida kafin magariba, saboda tsofaffi masu fita alwalar asuba cikin duhu.

Ku fatake da ma'aikata da kuke barin iyali a gida, ku biya magini ya hau, kuɗinsa bai kai na ɗori ba. Wanda kuma ya tura yaro ko almajiri kan soro ba tare da kulawa ba, ya sani amana ce, za a tambaye shi.

Allah Ya kiyaye mu, Ya ba mu damina mai albarka, amin.