Awarwaron Kakata da Ɗankunnen Naira 800

Ina so in ba ku labarin abin da ya same ni a hutun da ya wuce, lokacin bikin yayata.

Ankon da aka fitar atamfa ce ruwan goro, mai zanen fari da ruwan gwal. Saura kwana uku a yi kamu, kakata da muke kira Inna ta kira ni ɗakinta. Ta buɗe tsohon akwatinta ta ciro awarwaro biyu na azurfa da ɗankunne ƙarami. Ta ce mahaifinta ne ya sa maƙeran fari suka ƙera mata lokacin aurenta, kuma ni take so in saka su a bikin. Na yi godiya, amma a raina ban ji daɗi ba, domin duk sun yi baƙi-baƙi.

Da na nuna wa ƙawayena sai suka yi ta dariya. Ɗaya ta ce azurfa ba ta shiga da atamfa mai ruwan gwal, wai zan fito kamar tsohuwa. Maganar ta tsaya mini a rai. Na ɓoye kayan Inna a ƙasan jakata, na fasa asusuna, na sayi sarƙa da ɗankunne masu ƙyalli a wurin ɗan koli a kan naira 800. Duk wanda ya gani zai rantse gwal ne.

Ranar kamu na saka su ina ta yanga. Kafin dare kunnena ya fara ƙaiƙayi. Da safe ya kumbura yana fitar da ruwa, wuyana kuma ya yi kore a inda sarƙar ta kwanta. Umma ta kai ni kemis, aka ce kada in sake saka komai a kunnen sai ya warke. Amma abin da ya fi kunnen zafi shi ne lokacin da Inna ta kalli hannuna ta gan shi wayam. Ta yi murmushi ta ce, “Kishiya, kayan tsofaffi ba su yi miki ba ko?” Wasan jika da kaka ta yi, amma ni na kasa ɗaga kai. Daga baya na je na faɗa mata gaskiya, na ba ta haƙuri.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta sa na kawo toka da lemon tsami, ta goge awarwaron da tsumma har suka yi fari tas. Ƙanwar Umma, wadda tela ce, ta ce ai ana haɗa azurfa da gwal, sai dai a bar ɗaya ya fi yawa, kuma a duba launukan da ke jikin tufafin. Tunda atamfar tana da fari, ta ba ni farin mayafi, Umma kuma ta ara mini siririn zobenta na gwal. Haka na fita ranar yini, ba ɗankunne, amma mata uku suka riƙe hannuna suna tambayar inda aka sayo awarwaron.

Da aka dawo makaranta na tambayi Malamarmu ta kimiyya. Ta ce yawancin kayan ado masu araha wani ƙarfe ne aka shafa wa ruwan gwal a sama. Idan ruwan ya goge, sinadarin nikel da ke cikin wasunsu yana sa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje, tagulla kuma ita ke mayar da fata kore idan ta haɗu da gumi. Ta ce tsantsar gwal karat 24 ne, amma yana da laushi, shi ya sa ake gauraya shi. Idan an ga lamba 750 a jiki, karat 18 ke nan, 875 kuma karat 21. Azurfa mai kyau ana buga mata 925, kuma baƙin da take yi ba lalacewa ba ne, gogewa kawai take buƙata. Maganaɗisu ba ya jan gwal ko azurfa, amma ba ya jan tagulla ma, don haka gwajinsa kaɗai bai isa ba.

Shawarata ga 'yan'uwana mata: idan ɗankunne ya fara yi miki ƙaiƙayi, ki cire shi nan take ki faɗa a gida, kada ki daure saboda kwalliya. Kuma kafin ki raina abin da aka ba ki, ki tambayi tarihinsa. Kunnena ya warke bayan sati biyu. Sarƙar ɗan koli ta koɗe tun kafin a koma makaranta, awarwaron Inna kuwa suna nan a akwatin Umma, ina jiran Sallah.

Daga wata ɗalibar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida