Zamanin da Ake Gyaran Amfilifaya da Kunne

A shekarun 1980 zuwa farkon 1990, duk wanda ya ce zai haɗa amfilifayar jita da hannunsa, to fa sai ya shirya fama da ƙara. Kayan aikin ba su wuce ƙarfen soda da mita mai allura ba, sai zanen wayoyi da aka yi ta kwafa har layukansa suka dusashe. Na'urar da ke nuna siffar sauti a allo kuwa, sai a kwalejin fasaha. Saboda haka kunne muke dogara da shi.

Inda ya fi ba mu wuya shi ne ramuka biyun nan na bayan akwati, Send da Return. Tsofaffin amfilifaya irin su Fender Bassman ta 1959, da JTM45 da Jim Marshall ya fitar a Landan a 1962 bisa tsarinta, ba su da su. Sai da makaɗa suka fara matsa wa sashen farko na amfilifaya don sauti ya yi kaushi, sannan aka lura cewa in eko ya shiga ta gaba, kaushin na dagula shi. Shi ne kamfanoni irin su Mesa/Boogie suka yanke hanyar sautin a tsakiya: ya fita ta Send, ya ratsa na'urar eko, ya dawo ta Return, sannan ya shiga sashen ƙarfi. Mu ma muka kwaikwaya, ƙara kuma ta sami ƙofa.

Abin da nake yaba wa magabatanmu a sana'ar shi ne ba sa gaggawar canja kaya. Maigida zai ce, "Raba ta biyu tukuna." Sai ka ɗauko jak ɗin da aka haɗe kansa da jikinsa, ka soka a Return. In amfilifaya ta yi tsit, sashen ƙarfi ya fita daga zargi. Daga nan ka haɗa Send da Return da guntuwar waya. In ƙarar ta ɓace, sau da yawa dattin bakin jak ne kawai, musamman bayan ƙurar hunturu.

Kowace ƙara da muryarta. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60. Gurnani mai zurfi na 50 yakan fito ne daga wayoyin da ke dumama bawul, masu bolt 6.3, ko daga kusancin taransifoma. Maganinsa a murɗe wayoyin biyu kamar igiya, a kwantar da su a jikin ƙarfen akwati, a sa rasista biyu masu om 100 zuwa ƙasa. Mai ɗan tsini na 100 kuwa, manyan kafasita ne suka gaji. Yadda ake bambance su har yau yana burge ni: ka danne tsirkiyar jita mafi kauri a gaɓa ta uku ka kaɗa. Wannan sautin yana wajen 98. In ya yi daidai da gurnanin, nemi kafasita. In gurnanin ya fi shi zurfi, koma wajen wayoyi.

Akwai kuma gurnanin da ba ya tashi sai an jona na'urar eko mai cin wutar bango. Na'urori biyu, kowacce da wayar ƙasarta, ga kuma kebul ya haɗa su, sai zobe ya rufu, wuta ƙanƙanuwa ta riƙa kewayawa. Masu ganganci sukan yanke wayar ƙasa ta filogi, gurnani ya tafi. Wannan kasada ce da rai, domin ranar da wuta ta taɓa akwati, tsirkiyar da ke hannun makaɗi ce za ta kai masa ita. Gyaran gaskiya shi ne a tara duk wayoyin ƙasa a wuri ɗaya, a jona na'urorin a soket guda.

In "shuuu" ce, yawanci ƙarfin sautin ne bai daidaita ba: an rage shi sosai a Send don kada ya fi ƙarfin feda mai batirin bolt 9, an kuma ɗaga shi a Return tare da shararsa. In tsuwwa ce, wayar fita ta kwanta kusa da ta dawowa. Da tsinken katako ake ture su a hankali, hannu ɗaya a aljihu, don kafasitan amfilifayar bawul na riƙe bolt sama da 400 ko bayan an kashe ta.

Yau ga bidiyo a YouTube, ga manhajar waya mai nuna maka lambar ƙarar nan take, kuma ina murna da hakan. Abin da ke damuna shi ne yaro ya haɗa amfilifaya, ta yi gurnani, ya je ya sayo fedar da ke toshe ƙara in an daina kiɗa, ya ce ya gyara. Ƙarar tana nan, ɓoye ta kawai aka yi. Ɗan'uwa mai wannan sana'a, kafin ka kashe ko kwabo, soka jak a Return ka saurara tukuna.