Karatun Abinci Ba Karatun Girki Ba Ne



Duk shekara idan lokacin cike JAMB ya zo, tambayar da ake kawo mana kusan ɗaya ce: yaya za a yi yaro ya samu karatun likita, ko nas, ko haɗa magunguna? Idan sakamako ya fito, gurbin bai samu ba, sai yaro ya zauna a gida shekara biyu ko uku yana maimaita jarrabawa. Alhali akwai wani fanni na lafiya da muke tsallakewa saboda sunansa. A takardar JAMB ana rubuta shi Nutrition and Dietetics, wato ilimin abinci mai gina jiki da tsara wa marar lafiya abin da zai ci. A wani zama da muka yi, wani dattijonmu cewa ya yi: "In dai girki ne, ai uwarta ta isa ta koya mata." Aka yi dariya, amma maganar ta tsaya mana a rai.

Mu da muke Kasuwar Kifi ta Baga Road mun fi kowa sanin darajar abinci. Banda na zuwa mana daga Baga da Doron Baga da sauran bakin Tafkin Chadi: tarwaɗa, karfasa, bargi. A nan ake ɗaure shi a kwali, a loda a mota zuwa Onitsha da Enugu da Legas. Mun ga shekarun da hanya ta rufe, mun ga bama-baman 2015, da ikon Allah kasuwa ta sake tashi. To amma a garin nan da ke ciyar da kudu da kifi, a nan ne kuma ake kwantar da yara saboda tamowa. A 2016 sai da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tamowa a jihar Borno, kuma har yau duk damina gadajen cibiyoyin kula da yaran cika suke yi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Babu mai musun cewa talauci da gudun hijira su ne tushen matsalar. Sai dai akwai ɓangaren da sani ke iya gyarawa. Busasshen kifi, fiye da rabin nauyinsa sinadarin gina jiki ne. Ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu suna ƙarfafa ƙashi. Ɓaraguzan da ke zuba a gindin kwali, waɗanda muke sayarwa da arha, idan aka tsaftace su aka daka aka tankaɗe, cokali ɗaya a cikin faten yaron da ya wuce wata 6 ba ƙaramin abu ba ne. Kunun nan da ake kira Tom Brown, wanda ya taimaki yara da yawa a Borno da Yobe, ba komai ba ne illa gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, an soya an niƙa bisa awo. Kayan duk namu ne. Awon ne ilimi.

Ku shiga cibiyar tamowa ku gani. Ana zagaya damtsen yaro da wani ɗan ma'auni mai launi uku. Idan ya gaza santimita 11.5, ya shiga ja, wato tamowa mai tsanani. Yaron da ya galabaita sosai ba a cika masa ciki da abinci mai nauyi, domin jikinsa ba zai ɗauka ba, har yana iya rasa ransa. Da madara ta musamman mai suna F-75 ake farawa, kaɗan-kaɗan, sai jiki ya daidaita a ƙara ƙarfi, daga baya a koma ƙunshin nan na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara. Wannan lissafi ne na rai da mutuwa.

Ba yara kaɗai ba. Wane gida ne a cikinmu babu mai ciwon suga ko hawan jini? Ciwon ƙoda kuwa, kowa ya san yadda ya addabi Borno da Yobe. Duk wanda ya taɓa raka ɗan uwa wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ba sai an ba shi labari ba. Mai ciwon ƙoda sai an auna masa gishiri da ruwan sha da nama. Kifin nan da ke gina yaro, shi kuma sai an ƙayyade masa. Likita zai rubuta magani ya wuce ga na gaba. Mai zama da marar lafiya ya tambaye shi me yake ci, me yake iya saye, sannan ya tsara masa tuwo da miyarsa gwargwadon ciwonsa da aljihunsa, shi ne ƙwararren masanin abinci. Idan babu shi, sai mu koma ga masu tallar maganin gargajiya da lasifika da masu bidiyo a waya, kowa da abin da yake hanawa.

Ga hanyar ga mai sha'awa. Yaro ya kasance ɗan ajin kimiyya, ya samu kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi, kemistiri da bayoloji. Ya duba littafin JAMB na shekarar da kyau, don sharuɗɗan jami'o'i sukan ɗan bambanta. Ana karanta fannin a nan Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Bayero ta Kano, da tsofaffin jami'o'in Ibadan da Nsukka. Digirin shekara 4 ne. A ciki za a karanta yadda jikin mutum yake aiki, da sinadaran abinci, da ƙwayoyin cuta, da tsaftar abinci da adana shi, da abincin masu ciki da jarirai da tsofaffi, da abincin kowace cuta.

Digiri kaɗai ba ya mayar da mutum mai rajista. Bayansa akwai horon shekara 1 a asibitin da aka amince da shi, ana zagayen marasa lafiya a ƙarƙashin manya, sannan jarrabawar ƙwararru. Wanda ya ci ta ne ake wa rajista. Duk wanda bai bi wannan hanya ba, komai yawan mabiyansa a Facebook, ku yi hattara da shawararsa.

Gaskiya ɗaya ce, hanyar tana da gargada. Guraben horon asibiti sun yi kaɗan, wasu sukan jira kafin su samu. Ɗaukar aiki a gwamnati ba kullum ba ne. Ƙungiyoyin agaji da suka ɗauki matasanmu da yawa, kuɗinsu ya ragu ƙwarai a 2025. Amma wannan ɗin ma dalili ne. Baƙo raɓa ne; ranar da masu agaji suka naɗe tabarmarsu, wa zai zauna da matan unguwanninmu ya yi musu bayani da Hausa da Barbarci, da abincin da suka sani? Bayan asibiti, akwai aiki a hukumar lafiya matakin farko, da kamfanonin abinci, da koyarwa.

Don haka muna roƙon iyaye: idan 'yarku ko ɗanku ya samu wannan gurbi, kada a raina. Maza ma su shiga, ba na mata kaɗai ba ne. Wanda kuɗin makaranta ya yi wa nauyi ya nemi bashin karatu na NELFUND da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024. Manyan dillalanmu da Allah ya hore wa, ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya sadaka ce mai gudana. Ɗalibanmu da suka riga suka shiga fannin kuma, ku tuntuɓi shugabannin ƙungiya, muna son ku zo ku yi wa ƙannenku bayani kafin a rufe rajista.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya albarkaci kasuwarmu da zuri'armu, ya dawwamar da zaman lafiya a Borno. Amin.

Sakataren Ƙungiya