Mikin da ya ƙi jin magani

Duk wadda ta taɓa riƙe littafin asusu ta san rancen rashin lafiya ya fi kowane wuyar dawowa. A ƙungiyarmu akwai irin wanda ya fara damunmu. Mace ta haihu ta hanyar tiyata, an sallamo ta, mun je barka, bayan kwana biyar ko shida sai ɗinkin ya kumbura, ga mugunya, ga zazzaɓi. A koma likita. Maganin farko bai yi ba, a rubuta na biyu mai tsada, wani lokaci ma sai an kwantar da ita. Kuɗin sarin gyaɗa ya ƙare a farmasi.

Sau da yawa mai wannan aiki wata ƙwayar cuta ce, stafilokok. Ba baƙuwa ba ce, ƴan uwa. Kusan mutum 1 cikin 3 na ɗauke da ita a hanci ko a fata lafiya lau. Ita ke kawo maruru da ƙurjin nono ga mai shayarwa. Ƙofa kawai take jira: yanka, ɗinki, ko wurin allurar ƙarin ruwa.

A kanta ne ma Fleming ya gano penisilin a Landan cikin 1928. Ba a daɗe da fara amfani da shi ba ta daina jinsa. Aka kawo metisilin, a 1961 aka same ta a Ingila ta gagare shi. A 2019 wannan mai taurin kai ta kashe mutum fiye da 100,000 a duniya, kuma a mutuwar da ƙin jin magani ke jawowa, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi jin jiki.

Mukan ji ana cewa "jikina ya saba da maganin". A'a, ƙwayar ce ta saba. Magani kaɗan yakan kashe masu rauni, ya bar ƙarfafa su hayayyafa. To ku dubi tiren mai tallan magani ranar kasuwa: kafso biyu, kafso uku, cikin rana, har don mura, wadda ba ruwanta da su. Ba mu ga laifin mai sayen biyu ba, abin da ke ɗaure a bakin zanenta ke nan.

Shi ya sa muka gyara dokarmu. Rancen magani yanzu ba a rage shi, ana ba da abin da zai sayi dukan takardar likita. Wadda za ta zaman jinya kuwa, ana sa mata sabulu cikin kaya, don a hannu ƙwayar ke tafiya daga gado zuwa gado, kuma mu ne masu wanki, masu juya mara lafiya, masu leƙa ɗinki. In miki ya ƙi, mai jinya ta tambayi likita ko za a iya auna mugunyar a ga maganin da zai ci ta. Kuɗin awon ma akwati ke ba da shi, a biya bayan suna.